Kirsimeti a Tamale: kyaututtukan da za a haɗa a gida ba tare da cin bashi ba

Da zarar watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko, shagunan Tamale sukan fara jera kwandunan kyauta naɗe cikin leda mai ƙyalli: biskit, madarar gwangwani, lemon kwalba da man girki. Kayan suna ɗaukar ido, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ko mai ɗinki, balle wanda ke da gidaje biyar ko shida da yake son ya gaisar. Ga shi kuma a watan Janairu yara ke komawa makaranta, lokacin da ake neman kuɗin littafi da takalmi da na abinci.

Tsadar tana da tushe. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ta sauko daga baya, sai dai saukar tata tana nufin kaya sun rage saurin tashi ne kawai, farashin bai koma inda yake a da ba. Kayan da ake shigowa da su daga waje su ne suka fi bin darajar dala. Gyaɗa da man kaɗe da zoɓo kuwa a nan arewa ake samar da su, kuma Disamba bayan kaka take zuwa, lokacin da sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa. Mazaunin Sabonjida da ƙafa ma zai iya takawa kasuwar Aboabo ya sayo su.

Wa za a ba?

Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun kai kusan kashi 71 cikin 100 na mutanen Ghana, Musulmi kuma kusan kashi 20. A Tamale Musulmi ne suka fi yawa, don haka iyalin Kirista a unguwa kamar Sabonjida yawanci maƙwabtansu Musulmi ne, waɗanda suka aiko musu da nama ranar Layya. Kirsimeti, wadda mutanen kudu ke kira Bronya, ita ce lokacin ramawa. Kyaututtukan da ke ƙasa babu nama ko barasa a cikinsu, saboda haka za su shiga kowane gida ba tare da an yi tambaya ba.

Kafin a je kasuwa, a rubuta sunayen gidajen a takarda, a ware kuɗin makarantar Janairu gefe guda, abin da ya rage shi ne na kyauta. Misali, wanda ya ware sidi 200 don gidaje takwas, kowane gida ya tashi a sidi 25. A cikin lissafin a sa kuɗin gawayi ko gas, da na kwalba da leda, domin nan ne kayan gida ke yin tsada ba a sani ba. Abu ɗaya ko biyu da aka yi da yawa ya fi arha a kan kala biyar kaɗan-kaɗan. Maƙwabta biyu ko uku kuma za su iya haɗa kuɗi su sayi kwanon gyaɗa ko ƙullin man kaɗe su raba.

Man shafawa na kaɗe

A lokacin hunturu, da leɓe ke tsagewa, ƙafa ke yin faso, babu gidan da zai raina kwalbar man kaɗe. Shi ne man da masu Faransanci ke kira karité, wanda kamfanonin Turai da Amurka ke saya daga hannun matan arewacin Ghana da Burkina Faso su sa a man shafawa mai tsada.

A auna man kaɗe kofi uku, man kwakwa kofi ɗaya. Kada a ɗora shi kai tsaye a wuta. A zuba shi a kwano, a ɗora kwanon a bakin tukunyar ruwan zafi har ya narke, a tace da kyalle mai tsabta. A sanya kwanon cikin ruwan sanyi, domin idan ya huce a hankali yakan yi tsaki-tsaki kamar yashi. Da ya fara daskarewa sai a buga shi da muciya ko cokali mai yatsu har ya yi fari ya yi laushi. Sharaɗi ɗaya ne babba: kada ɗigon ruwa ya shiga, kuma kwalbar ta bushe sarai, don ruwa ne ke sa shi yin fumfuna. Kwalaben mayonis ko na zuma da aka wanke da ruwan zafi aka shanya a rana sun wadatar.

Alewar gyaɗa da yaji

Gyaɗa kwano ɗaya za ta ba da kyauta iri biyu. A fara da tsince ta a faifai, a zubar da duk wadda ta yanƙwane, ta canja launi ko ta yi fumfuna. Irin wannan gyaɗa tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya.

Domin alewa, wadda a Ghana aka fi sani da nkate kek, a soya gyaɗa, a murje ɓawon, a ɗan daka ta sama-sama. A narkar da sukari kofi ɗaya a wuta kaɗan har ya koma ruwan zuma, a zuba gyaɗa kofi biyu, a juya da sauri, a juye a tire da aka shafa wa mai. A murza da kwalba ta baje, a yanka tun da zafinta, domin in ta huce sai dai a fasa. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna, don haka a ɗauke yara daga bakin murhu. Wanda ya fi son riɗi zai iya yin kantu ta wannan hanya.

Yaji kuwa daka ne kawai: ƙuli-ƙuli, barkono, busasshiyar citta, kanumfari, masoro da gishiri, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya. In ya bushe kuma an rufe shi da kyau, zai daɗe ana barbaɗa shi a tubani, wace ko gasasshiyar doya. A faɗa wa wanda aka ba cewa akwai gyaɗa a ciki, saboda akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar ta.

Zoɓo a bushe

Zoɓo, ko sobolo a bakin 'yan Ghana, in an dafa shi ba ya jure zafi idan babu firiji. Gara a ƙulla shi a bushe: zoɓo kofi biyu, citta da kanumfari a ƙaramar leda daban, mai gida ya dafa ranar da baƙi suka zo.

Naɗi da kai wa

Teloli sukan tara ƙyallayen atamfa da na saƙi da suka rage, sau da yawa kyauta suke bayarwa ko a kuɗi kaɗan. Ƙyalle mai faɗin tafin hannu biyu zai rufe murfin kwalba, a ɗaure da zare. Wanda ya fi girma, in aka ɗinke gefe biyu aka sa zif, ya zama jakar fensir ga ɗan makaranta. Yara su rubuta sunan gida da ranar da aka haɗa kayan a guntun kwali, su yi zane a kai.

Man kaɗe da yaji za a iya gama su tun tsakiyar Disamba, alewa kuma kwana biyu ko uku kafin ranar 25 ga wata. Ranar 26 ma hutu ce a Ghana, don haka gidan da ba a samu zuwa ba ranar biki sai a je washegari. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake. In da hali, a kai kyautar da kai, a zauna a gaisa da mutanen gida, maimakon a aiki yaro ya miƙa a bakin ƙofa.