Daga Filin Gudu Zuwa Gaban Allo: Yadda 'Yar Tsere Kan Zama Malamar Firamare

Tun ranar da wasu daga cikinku suka gan ni a filin wasa ina gyara wa 'yan matan ajinmu yadda ake miƙa sanda, ake ta tambayata, wai ke malama ce ko 'yar tsere? Amsar ita ce duka biyun na taɓa, kuma ɗayan ne ya kai ni ga ɗayan. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi amfani da wannan fili da mujallarmu ta ba ni in bayyana yadda hanyar take, domin akwai ƙannenmu da dama da ke bisa kanta ba tare da sun san inda ta dosa ba.

Ni haifaffiyar Sabo ce ta Ibadan. An haife ni a 1996, wato shekarar da Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 a birnin Atalanta na Amurka, ta ciyo wa Nijeriya lambar zinare a gasar Olamfik. A wannan gasa ce kuma Falilat Ogunkoya ta sami tagulla a gudun mita 400, Mary Onyali ita ma ta sami tata a mita 200. Malamin wasanninmu na sakandare ba ya gajiya da ambaton waɗannan sunaye uku, har muka haddace su kamar karatun allo. Filin wasa na Adamasingba kuwa ga shi nan dab da unguwarmu, da ƙafa muke zuwa.

Wasannin makaranta tamkar tsani ne mai faɗi daga ƙasa, tsukakke daga sama. Matakin farko shi ne gasar gidaje, inda ake raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da launinsa, ja ko kore ko shuɗi ko rawaya. Wadda ta yi fice sai a sa ta a ƙungiyar makaranta, daga nan gasar shiyya, sai ta jiha. Can sama akwai Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, jami'o'i da kwalejojin ilimi kuma kowa da tasa gasar. Ni dai matakin jiha na kai, a gudun mita 200 da kuma gudun miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 100.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan gudu na miƙa sanda, saboda shi ne ya fi koya mini abin da nake ci da shi a yau. Zagayen fili mita 400 ne, sandar kuma ba ta wuce santimita 30 ba. Akwai iyakar da aka shata wadda dole a cikinta sanda za ta canza hannu. A zamaninmu mita 20 ce, daga baya aka mayar da ita 30. Mai karɓa ba ta waiwaye. Alama take sawa a ƙasa, da zarar 'yar uwarta ta taka alamar sai ta zabura, ta miƙa hannu baya idan ta ji kira. In ta yi gaggawa ta bar 'yar uwarta a baya, in ta yi nawa a yi karo. Saboda haka sau da yawa za ka ga 'yan mata huɗu masu matsakaicin gudu sun doke waɗanda suka fi su ƙafa, don kawai sun fi su sabo da juna. Mun yi wata uku muna maimaita wannan miƙo kullum da yamma, har ya zama ko ido a rufe ba ma yar da sanda.

To, me ke sauko da yarinya daga wannan tsani? Abin da na gani a kaina da a kan ƙawayena bai wuce abu uku ba, kuma yawanci tare suke zuwa. Akwai kuɗi, domin takalmi mai ƙusa da abinci mai kyau da kuɗin mota ba a aljihun kowane uba suke ba. Akwai rauni. Sai kuma girma, wanda a wajenmu 'yan Sabo shi ne babba. Ina aji biyar na sakandare Baba ya kira ni bayan sallar isha'i, ya ce, "Ke fa kin girma. Wannan gudu da gajeren wando a gaban jama'a, ina zai kai ki?" Na ce, "Baba, ai dogon wando nake sawa, da ɗankwali." Ya ce, "Na ji. To ina zai kai ki?" Wannan tambaya ta biyu ce na kasa amsawa. Ba a yi wata biyu ba tsokar cinyata ta yage a wajen atisaye, na yi makonni ina ɗingishi, gasar da nake buri ta wuce ni. Inna ce ta ce, tunda yaran unguwa ba sa rabuwa da ni, me zai hana in nemi koyarwa?

Gaskiya ban so ba, domin a lokacin ina cikin masu ganin cewa koyarwa aikin wanda ya rasa madafa ne. Amma ga yadda hanyar take ga mai son bin ta. Takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE, ita ce mafi ƙarancin abin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta yarda a shiga aji da shi. Ita ta maye gurbin tsohuwar takardar malamai mai daraja ta biyu da iyayenmu suka sani. A lokacinmu shekara uku muka yi a kwalejin ilimi, ƙarƙashin kulawar hukumar kwalejojin ilimi ta ƙasa da aka kafa a 1989. A shekara ta uku aka tura mu koyarwar gwaji, malamai na zuwa suna zama a bayan aji suna ba mu maki. Bayan kammalawa sai rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ta kuma fara yi wa malamai jarrabawar cancanta a 2017. Na zauna wannan jarrabawa, na fara aiki a 2019. Da takardar NCE ɗin ce kuma na shigo wannan sashe kai tsaye a aji biyu.

Ranar farko da na shiga aji uku na firamare na tarar da yara fiye da sittin, alhali a takarda 35 aka tsara wa malami ɗaya. Rabinsu Hausawa, rabi Yarabawa, darasi kuma da Turanci. Na yi ta magana, su ma suna ta tasu. A mako na biyu da abin ya ishe ni, sai na ciro tsohon usur ɗina, na fitar da su waje, na raba su gida huɗu, na shata layi da toka. A nan na gane cewa abin da fili ya koya mini ba gudu ba ne kawai. Ya koya mini yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, da maimaita abu ba tare da ƙosawa ba, da lura da wanda ya gaji tun kafin ya faɗi. Shirin darasi ma, in an duba, bai da bambanci da shirin atisaye: a ɗumama jiki, a shiga aiki, a sassauta.

Abin da zai fi jan hankalinku a matsayinku na ɗaliban harshe shi ne wannan. A waje, da na ce da Turanci a tashi, a zauna, a juya hagu, a ɗaga hannun dama, ina yi suna kwaikwayo, sai kalmomin da suka ƙi zama a kan allo suka zauna cikin kwana kaɗan. Sai da na zo jami'a na ji ashe hanyar tana da mai ita, wani Ba'amurke James Asher, wanda tun shekarun 1960 ya bayyana cewa mai koyon harshe ya fara saurare yana amsawa da jiki kafin a tilasta masa magana. Har ila yau, wata abokiyar aikina Bayarabiya da ke koyon Hausa ta daɗe tana rikita "miƙa" da "miƙo", da "jefa" da "jefo". Na ba ta ƙwallo, muka tsaya nesa da juna: in na ce jefo, ta turo wajena, in na ce jefa, ta tura wa yaro can gefe. Kafin a kaɗa ƙararrawa ta kama. Wannan fa shi ne aji na shida na aikatau a tsarin Parsons, wanda ke ƙarewa da wasalin "o", yake kuma nuna aiki ya nufo wajen mai magana. 'Yan uwanmu da ba Hausa suka tsotsa ba, ku jarraba wannan a ɗakin kwana, ko da da murfin biro ne.

Ba zan ɓoye muku ba, albashin ba ya kaiwa ƙarshen wata, kuma makarantu da yawa darasin motsa jiki a jadawali kawai yake, an gine filin ko an mayar da lokacinsa na lissafi. A ganina wannan kuskure ne babba, domin yaro ɗan shekara takwas da aka hana motsi, a cikin aji zai yi motsinsa.

A watan Yulin 2022 Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12. 'Yar Ijebu-Ode ce, iyayenta kuma malaman makaranta ne. Da na nuna wa yarana hoton gudun a waya, wata yarinya ta ce, "Anti, ni ma zan iya." Yanzu ta shiga sakandare, tana gudun mita 400, kuma a hutun da ya wuce mahaifiyarta ta aiko mini cewa mahaifinta ya fara maganar ta girma. Na yi alkawarin zuwa in gaishe shi idan mun gama jarrabawar wannan zango. Na riga na ɗinka mata dogon wando da riga mai dogon hannu, na kuma karɓo sakamakon jarrabawarta na zango uku, don da su zan je.