Motocin Italiya da maƙera suka ƙara wa baya

A shekarar 1962 kamfanin Alfa Romeo ya fito da Giulia, mota mai ƙofa huɗu, ga gudu ga kyan tuƙi. Sai dai 'yan sandan manyan hanyoyin Italiya suna neman wadda za ta kwashe kayan aikinsu, kamfanin kuwa bai ƙera mai dogon baya ba. Aikin sai ya koma hannun ƙananan maƙeran gangar mota, irin su Colli na birnin Milan.

Ana kai musu motar, su yanke bayanta, su miƙar da rufin har ƙarshe, su dasa ƙofa ta biyar. Da hannu ake bugun ƙarfen duka, shi ya sa da wuya ka sami biyu iri ɗaya sak. Wasu na 'yan sanda ma babu gilashi a gefen baya, ƙarfe ne rufe ruf. Wanda ya san Fijo 504 doguwa ya san siffar, amma ita Fijo dubbai aka yi.

Masu hannu da shuni ma sun shiga. Wani maƙerin, Introzzi, ya mayar da Fiat 130 mai dogon baya domin iyalin Agnelli, masu kamfanin Fiat a lokacin. Gianni Agnelli ya riƙa hawan tasa a St. Moritz ta Suwizalan, da ƙaton kwandon saƙa a kan rufi na ɗaukar kayan wasan ƙanƙara.

Colli ya rufe a 1973. Yawancin motocin aiki tsatsa ta cinye su, ragowar kuwa masu tara tsofaffin motoci ke rububinsu.