Gida Cike da Mutane, Yaro a Bakin Titi

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a zaman makoki: "Wallahi yanzun nan na gan shi yana wasa a nan." Uwa ta faɗa, kishiyarta ta faɗa, maigadi ya faɗa, har almajirin gidan ya rantse ba a yi minti biyu ba da ya wuce shi a bakin famfo. Duk kuma gaskiya suke faɗa, kowa ya gan shi. Wanda aka rasa shi ne wanda yake riƙe da yaron lokacin da aka wangale get, ko lokacin da ya bi ta zaure ya faɗa titi. Daga nan sai a ce kwana ne ya ƙare, a shafa fatiha a watse. Washegari da safe maƙwabcin da ya zo gaisuwa ya tada motarsa ya yi ribas a harabar gidansa, bai ko tambayi inda autansa yake ba.

Yaran da nake nufi su ne waɗanda suka fara tatata zuwa masu shekara huɗu ko biyar. Wurin kuwa ɗan filin nan ne da ke tsakanin ƙofar ɗaki da bakin kwalta: harabar ajiye mota, get, zaure, dakalin ƙofar gida. Ko motar gida ta taka yaro tana tafiyar hawainiya, ko ya sulale waje abin hawa ya kwashe shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsar da ake ba ka idan ka yi magana: "Ai gidan nan ba a rasa mutane, wani zai gan shi." An ɗauka yawan jama'a kariya ne. To ni a ganina gidan da ya fi cika shi ya fi saurin ɓatar da yaro. Matar da take ita kaɗai da ɗanta ta san in ba ta duba shi ba babu mai dubawa, don haka ko banɗaki za ta shiga sai ta goya shi ko ta rufe ɗaki. A gidan yawa kuwa uwa tana tuƙin tuwo da tunanin yana wajen Goggo, Goggo ta ɗauka ya bi yayyensa, yayyen kuma sun tafi Islamiyya tun ɗazu. Mukan ce ɗa na kowa ne, kuma a wajen tarbiyya maganar tana da kyau. Amma a bakin get, yaron da yake na kowa ba ya hannun kowa. Shi ya sa ranar suna da ranar biki suka fi ba ni tsoro: mata cike da tsakar gida, get a buɗe tun safe saboda masu kawo kujeru da rumfa, motocin baƙi suna shiga suna fita, ga yara an yi musu ado an sake su.

Sai a zo ga lissafin lokaci, wanda mutane ba sa son yi. Daga tabarmar da yaro yake zaune zuwa bakin titi a yawancin gidajenmu bai wuce taku goma sha biyar na babba ba. Ɗan shekara biyu in ya sa gudu, kafin ki amsa sallamar waya ki ce "wa ke magana?" ya cinye wannan tazarar. Adaidaita sahun da yake tafiyar kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa, kuma direba, ko da hankalinsa yana kan hanya, yana bukatar daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Wato ya riga ya wuce tsawon shaguna biyu ko uku kafin birkin ya fara aiki ma. Ke kuma kina bakin murhu, kin hango shi sarai, kin ƙwala masa kira. Kiran nan ba ya tsayar da ɗan shekara biyu. Sau da yawa ma dariya yake yi ya ƙara wuta, don ya ɗauka wasan guje-guje ne.

Wasu sukan ce, "Ai na bar shi da yayarsa." Ka tambayi shekarun yayar, a ce maka shida. Yarinyar da ita kanta ba ta isa tsallaka titi ita kaɗai ba, tunda masana lafiyar yara sun daɗe suna cewa sai wajen shekara goma yaro yake iya auna gudun mota da nisanta yadda ya kamata. Ita ce aka ɗora wa ran ƙaninta, ga ƙawayenta suna 'yar gala-gala a ƙofar gida. In abu ya faru kuma ita ake rufewa da duka, ta girma ana nuna ta da baki. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba.

Su kuma maza tasu hujjar ita ce, "Ai ina duba madubi." Alhaji, madubinka ba ya nuna ƙasa. Tsayin yaro ɗan shekara biyu bai cika wuce santimita 90 ba, gilashin bayan jif ko Hilux ko Sienna kuwa yana farawa ne sama da mita ɗaya daga ƙasa. A bayan kowace mota akwai fili mai tsawon mita da yawa wanda duk abin da ke cikinsa ba ka ganinsa daga kujerarka, kuma gwargwadon tsayin motar da gajartar direban, gwargwadon faɗin filin. Wanda yake musu ya gwada yau da yamma. Ka ɗauki jarkar ruwa mai lita 25, wadda tsayinta ya yi kusa da na yaro a tsugune, ka ajiye ta dab da bayan motarka. Ka shiga ka zauna yadda ka saba, ka sa wani ya riƙa ja da ita baya taku ɗaya-ɗaya har sai ka hango murfinta a madubi. Sannan ka fito ka ƙirga takun. Ka sake yin haka ta gaban motar, don dogayen motocin nan har ta gaba suna ɓoye yaro.

A Amurka, a shekarar 2002, wani likitan yara a jihar New York ya taka ɗansa mai shekara biyu yana ribas a ƙofar gidansa, bai san yaron ya biyo shi waje ba. Likitan yara fa, mutumin da aikinsa ke nan gargaɗin iyaye. Da sunan yaron, Cameron Gulbransen, aka yi doka a 2008, wadda daga baya ta kai ga tilasta sa kyamarar baya a duk sabuwar ƙaramar mota da aka ƙera don sayarwa a ƙasar daga watan Mayun 2018. Hukumar kiyaye haɗurran hanyoyinsu ta ƙiyasta a lokacin cewa ribas kaɗai yana kashe mutum wajen 210 a shekara, ya jikkata 15,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu da yawancin motocinmu 'yan kwatano ne da suka girmi wannan doka fa? Wanda ma yake da kyamarar kada ya saki jiki, ƙurar hunturu da taɓon damina suna rufe ta, kuma ba ta nuna yaron da ya taho a guje ta gefe sai ya riga ya shigo.

Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Babba yana jin mota ya kauce, shi kuwa ƙaramin yaro wajenta yake nufa, domin a wurinsa ƙarar motar nan Baba ce. Hon ɗin da kake dannawa a bakin get don a buɗe maka, shi ne yake kiran su. "Oyoyo Baba!" su kwaso da gudu, maigadi yana fama da sakata ya ba su baya. Da safe kuma yaro kuka yake zai bi ka, an zaunar da shi a ɗaki, ya zame ya biyo ka kana ɗumama inji. Mu da kanmu muka koya musu cewa motsin mota lokacin murna ne.

Na san akwai tuƙin ganganci, da yara masu koyon mota a cikin layi, da titunan da aka yi babu wurin masu ƙafa, wannan kuma aikin hukuma ne. Ƙaddara ma gaskiya ce, amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali ya hana ɗaure raƙumi ba.

To me za a yi? Abu na farko shinge ne tsakanin inda yara suke wasa da inda mota take motsi. Mun iya kashe kuɗi mu sa waya a kan katanga saboda ɓarawon da watakila ba zai taɓa zuwa ba, amma ƙaramar ƙofa ta biyu tsakanin tsakar gida da harabar mota sai a ce ɓarnar kuɗi ce. Ka kira mai walda ya yi maka ita. Tsayinta ya kai mita ɗaya da rabi. Ƙarafan su zama a tsaye, domin in aka gicciya su ka yi wa yaro tsani ne. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta kai santimita 10, haka ma tsakanin ƙasan ƙofar da daɓe, don kada kai ya shiga. Sakatar a sa ta can sama, wajen mita ɗaya da rabi, inda hannun yaro ba ya kaiwa ko ya yi ɗage. Mafi muhimmanci, ƙofar ta zama mai rufe kanta. A sa mata sifirin, in babu kuɗinsa a yanko tsohon tib na babur a ɗaure, yana ja ya mayar da ita. Dalili kuwa, duk ƙofar da sai an tuna ake rufe ta, rabin yini a buɗe take: ɗan garuwa ya shigo da kura, mai tallar awara ta leƙo, almajiri ya fita da shara, wa zai bi bayansu?

Gidan da ba shi da mota ma bai tsira ba, in dai zaurensa yana kallon hanya. Rabin ƙyaure na katako ko na langa-langa a ƙofar zaure ta ciki ya isa, kafinta zai haɗa shi a yini ɗaya. Sai dai a kula da abin da ake ajiyewa kusa da shi. Benci, turmi, bokiti a kife, buhun gawayi, duk matakala ne. Yaron da jiya bai iya hawa ba yau ya iya, kuma ba zai sanar da ke ba.

Babban get shi ma a duba shi. Irin wanda ake turawa gefe a kan dogo, in ba a yi masa abin tokarewa a ƙarshe da maƙali a sama ba, yana iya gocewa ya faɗo, kuma nauyinsa ya fi ƙarfin babba balle yaro. A hana yara lilo a jikinsa, ko da kuka za su yi.

Sannan maigida ya kafa doka, ya kuma fara da kansa: mota ba ta motsi a gidan nan sai an san inda kowane ƙaramin yaro yake, kuma yana hannun babba. "Suna ciki" ba amsa ba ce. Ka tambaya da suna, ka gani da idonka. Kafin ka shiga mota ka zagaya ta sau ɗaya, ka leƙa ƙarƙashinta, domin yara suna son inuwar nan da rana. In ka zagaya sannan ka zauna kana amsa waya minti biyar, zagayen ya lalace, sake fitowa. Lokacin fita ka sauke gilashi, ka kashe rediyo, don ka ji in an yi ihu. In filin ya ba da dama, ka riƙa shiga gida da baya bayan an riƙe yaran, don fitar safe, wadda ake yi cikin gaggawa, ta zama ta gaba. Ka ja birkin hannu, ka kulle motar ko a cikin gida take, makullin kuma kada ya zama abin wasa. Direban gida da ɗanka saurayi da baƙon da ya zo da mota, dokar ta hau kansu. Mai babur ma haka, ga salansa mai zafi da yake bari a tsakar gida.

A daina yi wa Baba rakiya har jikin mota. A yi sallamar daga bayan ƙofa ta biyu, yaro yana saɓe a kafaɗa. Haka oyoyo, sai an kashe inji an rufe get. Kuma kada a bar harabar mota ta zama filin ƙwallo ko wurin tuƙa keken yara ko da motar ba ta nan, domin yaro ba ya bambance lokacin da wurin yake nasa da lokacin da ba nasa ba.

Mata kuma a koyi miƙa yaro baki da baki. "Yaya, ga Ummi nan a hannunki, zan shiga wanka," ita kuma ta amsa ta ce ta karɓa. In ba ta amsa ba, ba a miƙa ba. Ranar taro a ware mace ɗaya babba wadda ba ta cikin masu girki ko rabon abinci, a tara mata ƙananan a ɗaki guda, motocin baƙi kuma su tsaya a waje. In za a fita da yaro bakin hanya a riƙe shi a wuyan hannu, don yatsu suna zamewa, kuma ya kasance ta ɓangaren katanga, babba ta ɓangaren motoci. Layin da masu abin hawa suka mayar hanyar yanke, mazauna su haɗu su je wa mai unguwa a nemi hukuma ta sa tudun rage gudu. Haƙa rami a tsakiyar hanya da wasu matasa suke yi kayar da masu babur kawai yake yi.

In kuma abin ya auku, kada a fizgi yaron a yi ta jijjiga shi, kada a ɗura masa ruwa. A ɗauke shi a miƙe, kai da wuya a tallafe, a nufi asibiti, ko a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Ko da ya tashi ya yi kuka ya yi shiru, babu jini babu karaya, a kai shi likita ya duba a ranar. Ƙashin ƙaramin yaro yana lanƙwasa ba tare da ya karye ba, don haka taya tana iya bi ta kan cikinsa ta ji wa hanta ko saifa rauni, jini ya yi ta zuba a ciki, ba a ga alama ba sai bayan awoyi.