Hukuncin Shan Maganin Farfaɗiya Ga Mai Juna Biyu

TAMBAYA:

Ina da ciwon farfaɗiya, ina shan Epilim shekara biyar ke nan. Yanzu an gano ina da cikin wata biyu, kuma an ce maganin yana nakasa jariri. Shin in daina sha? Idan yaron ya zo da nakasa ina da zunubi? Ko ya halatta a cire cikin?

AMSA:

Allah Ya ba ki lafiya 'yar'uwa.

Abin da aka gaya miki gaskiya ne. Likitoci sun tabbatar da cewa wannan magani, wanda asalin sunansa sodium valproate, yana cikin mafi haɗari ga ɗan tayi: kusan jarirai 10 cikin 100 da uwayensu suka sha shi suna zuwa da nakasa, kamar buɗewar ƙashin baya, tsagewar ganɗa ko matsalar zuciya. A makonni takwas na farko ake halittar gaɓoɓi, shi ya sa haɗarin ya fi yawa a lokacin. Duniya ta ga irin wannan a kan maganin thalidomide da aka riƙa ba masu laulayi a Turai, har aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, galibi a hannu da ƙafa, kafin a janye shi a 1961.

Amma kada ki daina sha da kanki. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya tayar da ciwon da ƙarfi, ya halaka uwa da abin da ke cikinta, kuma a ƙa'idar shari'a ba a gusar da cuta da wadda ta fi ta. Wajibinki shi ne ki ga likita cikin gaggawa, domin ya duba yiwuwar canza shi ko rage shi, ya ba ki folic acid, ya sa a yi miki hoton ciki. Rakiya da kuɗin magani mijinki ya tsaya a kansu. Ki nisanci sassaƙe, jiƙo da maganin kemis da ba likita ya rubuta ba.

Babu zunubi a kanki kan abin da ya wuce, domin kin sha ne don lalura ba tare da sani ba, kuma Allah Ya ɗauke laifin kuskure daga wannan al'umma. Mai laifi shi ne wanda ya san cutarwar kuma ya yi sakaci.

Batun cire ciki kuwa, mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne haramci tun daga farkonsa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1990, ta yi rangwame kafin kwana 120, da sharaɗin kwamitin ƙwararrun likitoci amintattu ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani, kuma iyayen su nema. Bayan busa rai bai halatta ba sai don ceton ran uwa. Ke abin da ke hannunki tsoro ne kawai, alhali mafi yawan jariran suna zuwa ba tare da nakasar jiki ba, don haka bai halatta ki zubar ba.

Ki yawaita addu'a, ki riƙi sababi. Allah Ya sauke ki lafiya.

Wallahu a'alam.