Kalmar "Ƙwaƙwalwa" da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

A Hausar masu amfani da kwamfuta, kalmar "ƙwaƙwalwa" takan ɗauki ma'anar ram, wato ma'ajiyar wucin gadi. Sai dai kalmar ba ta bambanta iri. Misali, DDR3 da DDR3L siffarsu ɗaya, amma na farko yana aiki da bolt 1.5, na biyu kuwa 1.35. Idan aka sanya na farko a kwamfutar tafi-da-gidanka mai bukatar na biyu, takan ƙi tashi, allon ya kasance baƙi. Maganin shi ne a kashe ta, a cire batir, a mayar da tsohon ram. Saboda haka, wajibi ne masu ƙirƙirar kalmomi su riƙa haɗa sunan da lambar irinsa, domin kada mai saye ya yi asara.