Gaskiya ko Jita-jita: Masu Zuwa Duba Gida Kafin a Ba Ka Riƙon Kare a Ingila

Wata Asabar da sassafe ƙawata ta bugo mini waya daga unguwarsu a Mancesta, muryarta na rawa. "Yaya, don Allah ki zo ki kama mini aiki, ƙarfe biyu za su zo duba gida." Ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Jos, yaranta biyu sun shekara suna yi mata nacin kare. Da ta amince ba ta nufi masu sayarwa ba, sai ta cike takarda a ɗaya daga cikin gidajen da ke tattara karnukan da aka yasar ko aka ƙwato daga hannun masu azabtar da su. Suka ce sai sun turo wanda zai ga inda karen zai zauna. Na iske ta wanke labule, ta goge tagogi, har ta aro kujeru biyu a maƙwabta, domin an ce mata tsabta da wadata ake zuwa aunawa.

Wannan jita-jita ce, kuma da idona na ga ƙaryarta. Wata dattijuwa ce ta zo, da takalmin roba da ɗan littafi a hannu. Ko kallon kujerun ba ta yi ba. Ta nemi a buɗe mata ƙofar lambu, ta bi shingen katakon taku-taku, can a kusurwa ta durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ta zura hannu ƙarƙashin wani katako da ya ruɓe, hannun ya shige har gwiwar hannu. Ta ce karen da ya tsorata ta nan zai fice, kuma titin mota na bayan shingen. Ƙawata ta shekara huɗu a gidan ba ta taɓa lura da ramin ba.

Abin da ya fi tayar wa mutanenmu hankali shi ne zancen wai masu zuwan jami'an gwamnati ne, za su nemi takardun zama ko su kai rahoton yadda ake tarbiyyar yara. Na fahimci tushen wannan tsoro, amma bai da gindi a nan. Gidajen ƙungiyoyin agaji ne da ke rayuwa da gudummawar jama'a. RSPCA tun 1824 take, Mary Tealby ta kafa gidan karnuka na Battersea a 1860, Dogs Trust kuma ta soma a 1891 da wani suna kafin ta ɗauki wannan a 2003. Yawancin masu duba gida 'yan sa-kai ne, ba su da ikon shiga ɗakin kowa sai da izininsa. Tun lokacin annobar korona a 2020 ma wasu ƙungiyoyin kan wadatu da kiran bidiyo, ka zagaya da waya kana nuna musu. Takardar da za a iya nema ita ce shaidar adireshi, sai kuma rubutaccen izinin mai gida idan haya kake.

Ana kuma cewa wanda ba shi da lambu kada ma ya wahalar da kansa. Rabin gaskiya ke nan. Akwai karnukan da ba a bayarwa sai ga mai shinge mai tsayin ƙafa 6, musamman masu tsalle da waɗanda suka saba yawon titi. Amma tsohon kare mai sanyin hali kan samu gida a saman bene, muddin mai shi zai riƙa sauko da shi safe da yamma.

Batun aiki kuwa gaskiya ne. RSPCA na ba da shawarar kada a saba barin kare shi kaɗai fiye da awa huɗu, ƙawata kuma aikin awa 12 take yi. A nan na ga ta yi shiru, na san zuciyarta na raya mata ta rage lissafi. Ba ta rage ba. Ta faɗi ranakun aikinta yadda suke, ta ce ƙanenta na gida da rana. Dattijuwar ta ce a kira shi, ta tambaye shi da bakinsa ko ya yarda. Shi ya sa ake son kowa na gidan ya kasance a ranar: kare ba ya zama lafiya inda mutum guda ke ƙinsa a ɓoye.

Inda nake so mai karatu ya tsaya da kyau shi ne kicin. Da yawa cikinmu mun taso muna ganin ana zuba wa kare sauran tuwo da miya, muka ɗauka cikinsa na niƙa komai. Ba haka ba ne. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko garinsu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga shi kusan babu miyarmu da ba su a ciki, har kilishi da yajin tsire. Inabi da zabibi kan kashe masa ƙoda. Cakulan na ɗauke da sinadarin tiyoburomin wanda jikin kare ba ya iya fitarwa da sauri, kuma wannan sinadarin tare da sinadarin kafeyin suna cikin goro. Dattijuwar ba ta san goro ba. Ni na ɗauke farantinsa daga kan ɗan teburin falo, inda ake ajiye wa baƙi, daidai tsayin hancin kare. Ita kuma ta buɗe ƙasan wurin wanke-wanke ta nuna shinkafar ɓera da ruwan bilic, ta tambayi inda ake ajiye magunguna da cingam marar sukari, domin zaƙin zailitol da ke cikinsa kan faɗar da sukarin jinin kare farat ɗaya. Duk gyaran bai ci minti goma ba, amma ya fi wankin labulen amfani nesa ba kusa ba.

Saura maganar da ake yi ƙasa-ƙasa: ka ce musu a falo zai kwana, in sun tafi ka ɗaure shi a waje. Wannan shawara ce ta cuta, kuma ina roƙon duk wanda aka ba shi ita ya yi watsi da ita. Yawancin ƙungiyoyin nan ba sa ba da kare don a ɗaure shi gadi, kuma dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba haƙƙin muhalli mai dacewa, abinci, damar yin ɗabi'arta, zama da wasu ko kaɗaici gwargwadon buƙatarta, da kariya daga ciwo da wahala. Karen da aka taɓa yasarwa, a sake ɗaure shi cikin sanyin Janairu, an maimaita masa abin da aka ceto shi daga ciki. Musulmin da ba ya son kare a ɗakin sallarsa ko a shimfiɗarsa ya faɗa a fili. Ɗan ƙyauren da ake sa wa yara a bakin ƙofa ya isa raba iyaka, kuma masu duba gida sun saba ganinsa. Idan kuwa zuciyarsa ba ta yarda kare ya shigo gida ko kaɗan ba, ko malaminsa ya ba shi fatawar da ta hana, to ya haƙura tun kafin a kawo dabbar.

Ba a kuma rabuwa da ƙungiyar ranar da aka miƙa igiya. Akan sa hannu cewa in riƙo ya gagara, gare su za a mayar da karen, ba a sayar ko a kyautar ba. Tun Afrilun 2016 doka ta wajabta dasa wa kowane kare 'yar ƙwayar shaida mai girman shinkafa a ƙarƙashin fata, ɗauke da lambar da ke kai wa ga bayanan mai shi, kuma sakaci da ita kan jawo tarar da ta kai fam 500.

Ba a ba ƙawata amsa a ranar ba. An ce ta toshe ramin ta aiko da hoto. Ƙanenta ya sayo katako biyu da ƙusoshi, ya gama kafin magariba. Bayan mako biyu aka kira ta, amma ba ɗan kwikwiyon da yaran suka zaɓa a hoto aka ba su ba. Wata karya ce mai shekara bakwai, furfura ta fara fito mata a baki, wadda ta saba da yara kuma ba ta damu da tsalle ba. Daren farko ta ƙi cin abinci, ta kwanta a bakin ƙofar kicin, ƙaramin yaron ya jawo bargonsa ya zauna nesa kaɗan da ita kamar yadda dattijuwar ta koya masa, bai taɓa ta ba har ta miƙo hanci da kanta.