Malami Mai Ciwon Suga a Lokacin Annoba: Nauyin Kare Shi Yana Kan Wa?

Lokacin da annobar korona ta game duniya a 2020, mahawarar buɗe makarantu ta fi karkata ga ɗalibai, alhali manyan da ke tsaye a gaban allo su ne suka fi fuskantar haɗari, musamman masu ciwon suga. Wani bincike da ɗaya daga cikin mujallun Lancet ta wallafa ya nuna cewa, cikin waɗanda cutar ta kashe a asibitocin Ingila tsakanin Maris da Mayun shekarar, kusan ɗaya cikin uku masu ciwon suga ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kamuwa da cuta kan tayar da sugan jini, shi kuma suga in ya hau sai ya raunana garkuwar jiki. Duk da haka, gwamnatin ƙasar ba ta sa ciwon suga cikin jerin cututtukan da ke wajabta zaman gida ba, don haka da aka buɗe makarantu a Satumba, malaman suka koma aji.

Komawar ba laifi ba ce, matuƙar hukumar makaranta ta san nauyin kare ma'aikaci a wuyanta yake. Dokar daidaito ta 2010 a Birtaniya ta tilasta wa mai ɗaukar aiki yin gyara gwargwadon hali domin ma'aikaci mai lalura. Abin dubawa kuwa ya wuce takunkumi da wanke hannu. Da aka raba yara rukuni-rukuni don hana cuɗanya, malami kan wuni tare da ajinsa har lokacin cin abinci. Ga mai allurar insulin, jinkirin abinci na iya kawo gumi, rawar jiki da jiri yana tsaka da darasi. Abin da yake buƙata shi ne aji mai buɗaɗɗun tagogi, tsaftataccen wurin auna suga, da wanda zai karɓe shi na ɗan lokaci ya ci wani abu.

Wasu za su ce a bar masu ciwon a gida kowa ya huta. Amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne: matashiyar da suganta ke daidai ba ta yi kama da dattijo mai hawan jini da ciwon ƙoda ba. Hukuncin bai ɗaya zai raba yara da ƙwararrun malamai, ya kuma sa ma'aikata su riƙa ɓoye lalurarsu don tsoron rasa aiki. Wasu kuma za su kawo hujjar ƙarancin ma'aikata, sai dai malamin da ya kwanta asibiti makonni ya fi barin giɓi kan wanda aka sauya wa jadawali. Mafita ita ce shugaban makaranta ya zauna da kowane ma'aikaci a asirce, a auna halinsa bisa shawarar likitansa, a rubuta abin da aka amince, tun kafin wata annobar ta taso.